Kafin ka sa farashi, ka fara daidaita mudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu yana sayar da wata manhaja ga ƙananan bankuna da makarantu masu zaman kansu da wasu asibitoci, kowa yana biyan kuɗi ɗaya a wata. A cikin manhajar akwai tura saƙon tes ga iyayen yara da kwastomomi. Mun lura wani yana tura saƙo dubu biyu a wata, wani dubu ɗari uku, kuma kuɗinsu ɗaya. Shugabanni sun ce a koma cajin kowa gwargwadon abin da ya yi amfani da shi, sun ɗora mini aikin. Ta ina zan fara, kuma wace manhajar bil ya kamata mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta biyu zan ajiye gefe sai can gaba, domin ita ce mai sauƙi, kuma ita ce kowa yake ɗaukowa da farko. Aikin da aka ɗora maka aikin mai awo ne a kasuwar hatsi. Mai saye ba ya yawan faɗa a kan kuɗin mudu, tunda an yi ciniki ya sallama. Abin da yake sa ido a kai shi ne mudun kansa: wane iri ne, an cika shi ko an shafe bakinsa, kuma sau nawa aka zuba. Kusan duk rigimar da na gani tsakanin kamfanin manhaja da kwastomansa a kan irin wannan bil, daga nan take tasowa.

Saboda haka abu na farko shi ne ku zauna, kai da injiniyoyi da akanta da masu nemo kwastoma, ku rubuta da kalmomin da ba su da harshen damo: mene ne “saƙo ɗaya”? Za ka ga kamar tambayar yara ce. To duba. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Da zarar harafi ɗaya tak ya fita daga jerin nan, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsarin da harafi 70 kawai yake ɗauka. Idan saƙo ya yi tsawo aka yanka shi gida-gida, kowane yanki yana ɗaukar 153 a tsarin farko, 67 a na biyu. Kuma haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, babu ko ɗaya a cikin jerin GSM. Alamar naira, ₦, ita ma babu. Hatta ɗan waƙafin sama da muke sawa a “'yan makaranta” ko “ma'aikata”, idan an kwafo shi daga Word ya zo a lanƙwashe, shi ma ya fita.

Ka ɗauki sakataren wata makaranta da ya rubuta sanarwa mai harafi 150 zuwa ga iyaye 800. Ya rubuta “kudin makaranta” da d ba ƙugiya, saƙo ɗaya ne ga kowane uba, jimla 800. Ya gyara rubutunsa ya sa “kuɗin makaranta” yadda ya kamata, saƙon ya koma yanki uku, kamfanin da ke isar muku da saƙo ya caje ku 2,400. Shi kuwa sakatare, sau ɗaya ya danna maɓalli, iyaye 800 ya sani. Me za ku rubuta masa a bil? In kun ce 800, kun ɗauki asarar yanki 1,600 a aljihunku. In kun ce 2,400 ba tare da yarjejeniya ta faɗa ba, shugaban makarantar zai kira ya ce kun tauye masa mudu, kuma yana da gaskiyarsa. Ni dai shawarata ku caji a kan yanki, tunda a kansa ake cajinku, ku rubuta haka ɓaro-ɓaro a kwantiragi, sannan manhajar ta nuna wa mai rubutu yanki nawa saƙonsa zai zama tun bai tura ba. Abin takaici ne a ce wanda ya kula da ƙa'idar rubutun Hausa shi zai fi biya, amma haka tsarin yake, gara ya gani da idonsa ya zaɓa.

Akwai ƙanwar wannan tambayar: saƙon da aka tura ake caja, ko wanda ya isa? Waya a kashe, lamba ta mutu, layi ya cunkushe. Idan kuka zaɓi wanda ya isa, kun rataya bil ɗinku a kan rahoton isarwa da ke zuwa daga kamfanonin waya, wanda wani lokaci yakan makara, wani lokaci ba ya zuwa sam. Ku duba yadda mai isar muku yake cajinku, ku bi sawunsa. Bambanci tsakanin mudun da kuke saye da shi da wanda kuke sayarwa da shi, nan riba take zurarewa ba a sani ba.

Idan ma'auni ya zauna, sai maganar mita, wato ɓangaren manhajar da ke ƙirga abin da kowane kwastoma ya yi amfani da shi. A nan nake so ka daɗe.

Ka raba aikin gida uku a kanka, kada ka yarda a cakuɗa su: ƙirga abin da aka yi, sa masa kuɗi, da fitar da bil. Wannan rabo ba ni na ƙirƙiro shi ba. Gadon kamfanonin waya ne, waɗanda tun da daɗewa suke rubuta kowane kira a matsayin rikodi guda, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, sannan wata na'ura daban ta tace rikodin, wata ta sa kuɗi, wata ta haɗa bil. Manyan manhajojin kamfanoni har yau haka suke. A tsarin bil na kamfanin manhaja SAP da ake kira BRIM, Convergent Mediation ne ke tattarawa da tacewa, Convergent Charging ke sa kuɗi, Convergent Invoicing ke haɗa bil, sannan bashin ya sauka a ɓangaren akanta. Sauran manhajojin bil irin su Zuora da Stripe Billing da Oracle BRM kowanne da sunayensa, amma ƙashin bayan ɗaya ne.

Amfanin rabon shi ne rikodin farko ya zauna tsaf, babu kuɗi a jikinsa kuma babu mai taɓa shi. Kowane rikodi ya ƙunshi lambar kwastoma, lambar yarjejeniyarsa, irin abin da aka yi, adadi, lokacin da abin ya faru, lokacin da rikodin ya iso gare ku, da wata lamba tasa shi kaɗai da babu wani rikodi mai irinta. Idan an yi kuskure, ba a gogewa, sai dai a shigar da wani rikodi da ke soke na farko, kamar yadda akanta na ƙwarai ba ya kankare littafi. Ranar da kuka gano an sa farashin da ba shi ba tun makonni uku, sai ku gyara farashin ku sake bi ta kan rikodin ku fitar da lissafi daidai. Wanda ya haɗa ƙirga da kuɗi a wuri ɗaya, ya riƙa ƙara wa kwastoma bashi kai tsaye duk saƙo, ranar nan ba shi da inda zai koma.

Lambar nan ta kowane rikodi, kada ka raina ta. Na taɓa aiki da wani kamfani da sabarsa, wato kwamfutar da manhajarsa ke gudana a kai, take aika rikodi zuwa mita, idan ba ta ji amsa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta sake aikawa. Dabara ce mai kyau, kowa haka yake yi. Wata rana intanet ta yi ta yankewa, rikodi yana isa amma amsar ba ta dawowa, saba ta yi ta maimaitawa, mita ta yi ta ƙirgawa. Ba mu farga ba sai da bil ya fita, akantan wani kwastoma ya zo da nasa lissafin a takarda. Kwana biyu muka yi muna tsince maimaici da hannu, kunya kuwa ba a magana. Maganin layi kaɗan ne na aikin injiniya: mita ta duba lambar, idan ta taɓa ganinta ta yi watsi da na biyun. Ka tambayi duk mai son sayar muku da manhaja yadda tasa take yin wannan, da kuma tsawon lokacin da take tuna lambobin da ta gani.

Sai lokaci. Saba yawanci da agogon UTC take aiki, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. Saƙon da banki ya tura ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren da 1 ga Fabrairu ta shiga, a wurin saba ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ne na 31 ga Janairu. Bil na wane wata zai shiga? Ko wanne kuka zaɓa daidai ne, muddin yana rubuce kuma allon da kwastoma yake dubawa da bil ɗin agogo ɗaya suke bi. In kuna da kwastoma a Gana, su agogonsu daidai yake da UTC, Sudan kuma tana gaba da awa biyu, don haka ya fi sauƙi a ajiye komai da UTC, a yanke wata da agogon da aka rubuta a yarjejeniyar kowa. Haka kuma rikodi yakan makara. Kada ku rufe wata da tsakar dare ku fitar da bil da asuba. Ku bar tazarar kwana biyu ko uku, kuma ku yanke tun yanzu abin da za a yi da wanda ya iso bayan an rufe: ya shiga bil na gaba da bayanin ainihin ranarsa, ko a yafe. Bil ɗin da ya riga ya fita ba a buɗe shi a gyara, takardar gyara ake bi da shi.

Ba kowane abu ake tarawa ba, in nan gaba kuka faɗaɗa. Saƙo ana tara shi. Wurin ajiyar bayanai kuwa sai an zaɓa, mafi yawan da ya kai a watan ko matsakaici, kuma a faɗi ko gigabait ɗinku bait 1,000,000,000 ne ko 1,073,741,824, don tsakaninsu akwai sama da kashi 7 cikin ɗari. Masu shiga manhaja ana ƙirga mutum ne sau ɗaya komai yawan shigarsa.

Yanzu farashi. Akwai salo biyu da suke kama da juna a takardar talla amma kuɗinsu daban, kuma na sha ganin mai sayarwa yana nufin ɗaya, injiniya ya saita ɗayan. Bari in sa farashi na misali: saƙo 100,000 na farko naira 4 kowanne, daga nan zuwa 500,000 naira 3 da kobo 50. Banki ya tura 120,000. A salon hawa-hawa, 100,000 na farko a naira 4 sun kama 400,000, sauran 20,000 a naira 3.50 sun kama 70,000, jimla naira 470,000. A salon sari kuwa, tunda ya shiga mataki na biyu, duk 120,000 ɗin a naira 3.50 za a lissafa, naira 420,000. Dubu hamsin ke nan tsakani, a kan jadawali ɗaya.

Salon sari yana da wani rami kuma. Wanda ya tura 100,000 cif zai biya 400,000. Wanda ya ƙara saƙo ɗaya a kai zai biya 350,003 da kobo 50. Har sai mutum ya wuce saƙo 114,285 kafin ya biya abin da mai 100,000 ya biya. Kwastoma mai wayo zai gane, ƙarshen wata ya tura saƙonnin banza don ya tsallaka. Shi ya sa na fi son hawa-hawa, sai dai in babban kwastoma ne da aka yi masa ciniki na musamman.

Kuma kada ku watsar da kuɗin wata-wata gaba ɗaya. Albashin ma'aikatanku da hayar saba ba sa tafiya hutu idan makarantu sun tafi, alhali saƙonnin makaranta a watan Agusta kusan tsayawa suke. Abin da ya fi zama lafiya shi ne kuɗin wata tsayayye da ake biya a farkon wata, da wani adadin saƙo a cikinsa, sannan abin da ya haura a caje shi a ƙarshen wata. Wannan yana nufin bil ɗaya zai ɗauki abu biyu masu lokaci daban: kuɗin watan da za a shiga, da rarar watan da ya wuce. Ku rubuta kwanakin kowanne a gabansa, in ba haka ba za ku gaji da amsa waya. Da kun zaɓi wannan, ƙananan tambayoyi za su biyo baya, kuma kowacce sai an ba ta amsa a rubuce kafin a taɓa saiti. Wanda ya shigo ranar 20 ga wata, an rage masa kuɗin wata bisa kwanaki, to adadin saƙon da ke ciki shi ma za a rage? Wanda bai cinye nasa ba, ragowar tana bin sa zuwa wata mai zuwa? Wanda ya sauya tsari a tsakiyar wata, ƙirgar mataki za ta koma sifili? Banki mai rassa goma, a haɗa saƙonninsu su hau mataki tare, ko kowane reshe da nasa? Ta ƙarshen nan kuɗi ne masu yawa, kuma ita ce babban kwastoma zai fara tambaya.

Kowane farashi ya kasance da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma saƙo ya ɗauki farashin ranar da aka tura shi, komai daɗewar bil ɗinsa. Kada a goge tsohon farashi a rubuta sabo a kansa.

Ɓurɓushin kobo ma yana da nasa. In farashi naira 3.125 ne, kuka cike kowane saƙo zuwa 3.13, a saƙo miliyan ɗaya kun ɗora wa mutum naira 5,000 da bai ci ba. A ninka tukuna, a cike sau ɗaya a ƙarshen layin bil. Injiniyoyinku kuma kada su ajiye kuɗi da irin lambar kwamfuta da idan ka haɗa 0.1 da 0.2 take ba da 0.30000000000000004. In za ku karɓi kuɗi ta kafar intanet, ku lura Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, da kobo yake karɓar adadin naira, wato 5000 a wurinsa naira 50 ce, yayin da sefa a ƙa'idar kuɗaɗen duniya ba ta da ƙaramin rabo, kuma Stripe, wani kamfanin karɓar biyan, haka yake ɗaukar ta. Ranar da kuka samu kwastoma a Maraɗi ko Damagaram, wannan zai taso.

Akanta ya shigo tun farko, kada a kira shi ranar da za a fitar da bil. A ƙarƙashin ƙa'idar aikin akanta ta duniya mai suna IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, kuɗin da kwastoma ya biya gaba don sayen saƙo bai zama kuɗin shigarku ba tukuna, nauyi ne a kanku har sai ya yi amfani da shi. Haka kuma saƙon da aka tura a Janairu kuɗin shigar Janairu ne, ko da bil ɗinsa sai 3 ga Fabrairu zai fita. Ke nan akanta yana buƙatar mita ta ba shi adadi a ƙarshen wata tun kafin bil. Harajin VAT, wanda a Najeriya ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, ya fito a layinsa daban. Kuma tunda kamfanoni sukan cire harajin da doka ta ce su riƙe kafin su biya, tsarinku ya iya karɓar biyan da bai cika ba, ba tare da ya ɗauki banki a matsayin mai taurin bashi ya rufe masa manhaja ba.

Maganar rufewa ta tuna mini da iyaka. Duk wanda ya taɓa zama da bil ɗin wuta na ƙiyasi, sannan aka sa masa mita mai kati, ya san abin da ya sauya: yana ganin lambar tana sauka, ya san yaushe zai kashe hita. Kwastomanku haka yake so. Ku ba shi allo da zai ga abin da ya ci zuwa yau, ku aika masa gargaɗi in ya kai rabi, in ya kai kashi 80, da in ya cinye. Ku ba shi damar sauke jerin rikodinsa ya gwada da nasa. Amma tsayar da saƙo in an kai iyaka, wannan kowa da nasa. Makaranta za ta so a tsayar, kada bil ya fi ƙarfinta. Banki kuwa, in kuka tsayar da saƙon lambar sirri da mutum yake jira don ya tura kuɗi, kun jawo wa kanku abin da ya fi bil girma. A tambayi kowa, a rubuta zaɓinsa. Sannan rikodin mita ba ya buƙatar abin da saƙon ya ƙunsa. Sakamakon gwajin asibiti da bayanin asusun mutane ba su da abin yi a tsarin bil, balle ga dokar kare bayanai ta 2023 tana nan.

To, wace manhaja? Idan kamfaninku ya riga yana kan wata babbar manhajar tafiyar da kamfani irin SAP ko Oracle ko Dynamics 365 ko Salesforce, ku fara duba ɓangaren bil na gidan da kuke, domin haɗa sabon tsari da littafin akanta shi ne aikin da ya fi cin lokaci. In ba ku kan ko ɗaya, kuma kwastomominku ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, BRIM ya yi muku girma, an gina shi ne don masu rikodi miliyoyi a yini. Ƙaramar manhajar bil ta isa, kai ko rumbun bayananku da jadawalin farashi mai kwanan wata zai iya riƙe ku shekara ɗaya ko biyu, muddin rabon nan uku yana nan. Duk wadda za ku gwada, kada ku tsaya kallon nunin da mai talla ya shirya. Ku ba shi rikodinku na gaske na wata ɗaya, ku cusa maimaici a ciki, da wanda ya makara, da kwastoman da ya sauya tsari ranar 17, ku ce ya fitar da bil a gabanku. Ku kuma tambaya ko tana fitar da bil da naira, kuma in kuɗin hayarta da dala ne ko wani kaso na cinikinku, ku lissafa abin da zai zama in kun ninka girma.

Kafin ku caji kowa ko kobo, ku kunna mita ta yi wata biyu ko uku tana ƙirga a ɓoye, kuna fitar da bil na gwaji da ba a biya. Kowane wata ku gwada jimlarku da bil ɗin da mai isar muku da saƙo ya kawo. In sun saɓa, ku nemo dalilin har ku same shi. A wata na biyu ku fara aika wa kwastomomi na gwajin, da bayanin cewa da sabon tsari ya fara, ga abin da za su biya. Mai saƙo dubu biyu zai yi murna. Mai dubu ɗari uku kuwa kada ya fara ganin nasa a imel, ku je ofishinsa da takardar a hannu da tayin da kuka tanadar masa, kuma ku duba kwantiraginsa tukuna, don in akwai sauran watanni a tsohon farashi, sai ya ƙare za ku iya sauya masa.